Ranar da Na Ɗaura wa Sa da Jaki Garma Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da walimar Malam Babba ba, ko da kuwa mutanen garinmu sun yi mini alfarma sun manta (ba su da niyya). Ina da ɗan shago a Ƙaraye inda nake tura wa mutane karatu da wa'azi a memori. Shekara da shekaru ni ke ɗaukar tafsirin Malam duk azumi ina adanawa a kwamfutata. Da tsufa ya dushe masa murya, sai na ɗauka muryarsa ta da babu ita ko'ina sai a shagona, na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Damuwata ɗaya, kwamfutar tana da nawa, ba ta sauri. Wata rana na ga bidiyon wani mutum yana koyar da dabarar da ake kira RAID: a haɗa faifan ajiya biyu su zama ɗaya, duk abin da aka zuba a raba shi, rabi nan rabi can, sai gudu ya ninka. Can ƙarshe mutumin ya ɗaga yatsa yana wani gargaɗi, ni kuwa na kashe, wai na riga na gane. (Allah Ya yafe mini, ko rabi ban gane ba.)

Ina da sabon faifai babba, ga kuma wani ƙaramin tsoho da na ciro daga matacciyar kwamfuta. Na kwashe tafsirin zuwa wani faifai da na aro, na haɗa nawa biyun, na mayar da komai, na goge na aron na kai wa mai shi.

Ina cikin aikin ne Kawu Sale ya shigo daga ƙauyen Turawa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana huɗa da shanu. Ya tambayi abin da nake yi, na yi masa bayani da gadara. Sai ya tambaya ko faifan nan girmansu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. Na ce a'a.

"To ɗana, ai sa da jaki ka ɗaura wa garma ɗaya. Tafiyar jakin za a yi, in ya kwanta kuma huɗa ta tsaya."

Na ce, "Kawu, wannan ilimin zamani ne, ba gona ba." Ya yi murmushi kawai ya karɓi wayarsa da ya kawo caji.

Gaskiya na ga alamu. Babban faifan ya ƙi amfani da wurinsa duka, ya koma daidai da ƙaramin, gudun ma bai taka kara ya karya ba. Na gaya wa kaina ai sai sun saba da juna.

Bayan sallah ɗaliban Malam suka shirya masa walima, aka ce ni zan saka tafsirinsa na farko kowa ya ji. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, mutane daga Beli har Rogo, Malam a tsakiya. Maimakon in saka abin da aka sa ni, sai na karɓi makirufo na yi jawabi a kan sabuwar fasahata, har da cewa irinta sai manyan kamfanoni.

Na danna. Tsohon faifan ya ce ƙas, ƙas, ƙas, ya yi shiru. Na kashe na kunna. Ƙas, ƙas. Gumi ya jiƙa mini hula. A nan na gane ma'anar yatsan mutumin nan: kowane karatu rabinsa yana cikin mataccen, rabin da ya rage kuwa ba ya karantuwa. Na halaka muryar Malam gaba ɗaya, a gabansa.

Daga bayan taro Kawu ya ɗaga murya a natse: "Ɗana, jakin ne ya kwanta ko?"

Da yake ya riga ya ba wa rabin Turawa labarin, wurin ya ɓarke da dariya. Ni kuwa na durƙusa gaban Malam na faɗi gaskiya, cewa komai ya tafi kuma girman kaina ne ya jawo. Kafin Malam ya buɗe baki, Kawu ya zaro 'yar wayarsa mai ɗaurin roba ya kara a makirufo. Sai ga muryar Malam ta da, garau, tana cika filin. Ashe ni na tura masa da hannuna tuntuni. Wani ya ce yana da Suratu Yusuf, wata dattijuwa ta aiko cewa Baƙara duka tana wayarta. Malam yana dariya yana share hawaye, ya ce mini, "Tashi, Allah Ya yi maka albarka. Ka adana a inda ba ka sani ba."

Makonni na yi ina karɓar memori daga manoma, har tafsirin ya dawo, sai 'yan zama kaɗan da ba a samu ba. Yanzu komai a wuri biyu nake ajiye shi, kuma ina kallon bidiyo har ƙarshe. In zan sayi sabon faifai kuwa, sai na fara hawa babur zuwa Turawa in ji ta bakin injiniyana.