Ranar da Na Tuhumi Lawali Bakanike

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na shiga garejin Baba Ummaru a Gummi riƙe da takardar tuhuma ba. Takarda ce ta gaske, na yago ta daga littafin tsara darasi, na jera laifuka huɗu da jan biro, kowanne da lambarsa. (Shekara ashirin da wani abu ina koyar da tarihi a sakandare. Mutum irina ko faɗa zai yi sai ya yi masa gabatarwa da kammalawa.)

Wanda ake tuhuma Lawali ne, bakaniken da ke duba mini 'yar ƙaramar motata. Tsohon ɗalibina ne, kuma lokacin da yake aji uku babu wanda ya sha bulalata kamarsa. Ya girma, ya iya sana'a, yana gaishe ni har ƙasa. Ni kuwa na karanta tarihi da yawa, na san abin da masu gaisuwa har ƙasa suka sha yi wa sarakunansu.

Kwana biyar kafin nan ya canza mini shu na birkin baya, wato ƙarafan nan da ke buɗewa su matse durom, kwanon ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa. Ranar Asabar na ɗauki maiɗakina Hajara za mu Bukkuyum barkar haihuwa. Tun daga bakin gari motar ke tafiya kamar an riƙe mata wutsiya. Ina taka totur tana nishi. Can sai wani wari ya taso, irin na kofato a wuta.

"Malam, wani abu na ƙuna," in ji Hajara.

"Manoma ne ke ƙona kara."

"Da damina?"

A Nasarawa Burkullu na tsaya. Na taɓa ƙarfen tayar gaba, lafiya lau. Na kai hannu ta baya, sai na saki wata ƙara da ban san ina da irinta ba. Na zuba ruwan buta, ya tashi da tururi, hagu da dama duka. Duk wanda ya san hanyar nan a 'yan shekarun nan ya san ba wurin da kake so mota ta mace maka ba ne, balle da iyali. Muka jira tayoyin suka huce, muka lallaɓo gida, barka ba a yi ba.

Lahadi na wuni ina karatu a waya: ko sifirin da ke dawo da shu ya saki, ko silindar da ke tura shi ta cije, ko an matse shu fiye da kima. Kowanne na karanta, fuskar Lawali nake gani. Na tuna ya yi murmushi da yake miƙo mini makulli. Murmushin me? Na tuna ya ce Allah ya kiyaye hanya. Daga me? Kafin la'asar na yanke hukunci: ya ɓoye sababbin shu da na sayo, ya sa mini tsofaffi, ya matse su fiye da kima, na huɗu kuma, duk don ya rama bulala ya yi.

"Ka kira shi gefe ka tambaye shi mana," in ji Hajara. "Shi fa ya kai Innarka asibiti ranar da ba ka nan."

Na ce mata ai haka masu dabara suke farawa.

Na san sarai cewa bakaniken da aka ce yana musanya kaya ya gama a garin nan, kuma Baba Ummaru, dattijon da ke da garejin, ba ya barin irinsa ya wuni a wurinsa. Duk da haka na zaɓi lokacin da direbobin haya suka cika wurin, na tsaya tsakiya, na karanta laifukan nan ɗaya bayan ɗaya da muryar taron safe na makaranta.

"Lawali, ka ji mi malaminka ya ce?" in ji Baba Ummaru.

"Na jiya, Baba."

"In ya tabbata, ba ka ƙara kwance noti wuringa."

Lawali ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya ce in juya tayar da hannuna. Ta ƙi. Ɗayar ma ta ƙi.

"Malam, da guda ce ta kama, sai mu ce silinda ko sifirin na wannan gefen. Tunda su biyu sunka kama tare, abin da ya haɗa su za mu bi."

"Abin da ya haɗa su ai kai ne," na ce. Wasu suka yi dariya. (Na ji daɗin wannan dariyar ƙwarai. Ita ce ta ƙarshe da aka yi ina gefen masu yi.)

Da ƙyar ya zare durom ɗin. Ya ciro shu, fuskar shu ɗin ta ƙone tana ƙyalli kamar gindin tukunya. Ya juyo bayan shu ɗin ya miƙo mini.

"Ga alamarka, Malam, wadda ka karta da ƙusa kahin ka ba ni."

Ashe alamar da na yi wa sababbin shu a ɓoye ya gan ta tun ranar, bai nuna mini ba. Laifi na ɗaya da na biyu suka faɗi tare. Na gyara hula na ce saura biyu.

Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya taɓa kebur ɗin birkin hannu, ya ce a miƙe yake kamar tsirkiya. Ya fito ya buɗe ƙofa, ya danna sandar birkin hannun ƙasa. Ta sauka rabi ta tsaya. Ya sake dannawa, ta dawo.

To, mai karatu, akwai abin da ban faɗa maka ba, domin ni ma ban lissafa shi cikin shaidu ba. Washegarin gyaran birkin na kai motar wurin mai ɗinkin kujeru, na sa ya shimfiɗa mini kafet mai kauri, ja, irin na falon amarya. Na ce kada ya yanka ko'ina, tsada gare shi. Sai ya ninka ragowar gida biyu ya cusa ƙarƙashin sandar birkin hannu. Tun ranar nake yawo da birki a ɗaure rabi.

Lawali ya zaro ninkin nan, sanda ta kwanta, ya tura tayar da yatsa ɗaya ta yi ta juyawa. Sai ya juyo gare ni.

"Amma Malam, ai jar wuta na kamawa gaban direba in birkin hannu bai sauka ba. Ba ta kama ba?"

Ta kama. Na ɗauka sharrin waya ne, kuma tana damun idona, sai na manna mata baƙin salatif. A gaban kowa ya sa farce ya ɓare shi, ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi. Wannan ladabin ya fi bulala zafi, kuma ni na san bulala. Wani direba har da zama ƙasa don dariya, yana tambaya ko salatif ɗin yana maganin ƙarewar mai.

Na fara laluben makulli, sai Baba Ummaru ya ɗaga hannu.

"Malam, inda ka tsaya ka karanta huɗu, nan za ka tsaya ka hwaɗi na biyar."

"A bari, Baba, malamina ne," in ji Lawali.

"Shi ya sa."

Na koma tsakiya, na ce Lawali bai ci amanata ba, ni na ƙona birkina da kafet, ya yafe mini. Aka ce ba a ji ba daga baya. Na maimaita.

Har yau ban daina zargin mutane ba, hali ne, ya riga ya tsufa tare da ni. Sai dai yanzu kafin in tara jama'a in karanta laifin wani, nakan fara zagayawa in duba ko akwai wata jar wuta da na rufe da hannuna don kada ta dame ni.