Rasuwar Attaruhu, Motar Zaharaddini, a Bakin Kanal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fargaba ma ba ta sake ta ba, Zaharaddini manomin shinkafa a Kura yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, ja mai ƙofa biyu, ƙirar Japan, wadda aka fi sani da Attaruhu. Ta rasu ranar Litinin da la'asar, a kan hanyar gona tsakanin Kura da Kadawa, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya, huɗu daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar motar tsere ce tun asali. Ba ta taɓa ɗaukar kwandon tumatir ba, ba ta taɓa kai mara lafiya asibiti ba. Amma a faɗi gaskiya, tana da kyau, kuma tana da murya. In ya murza makulli sai ta ce "ɓurum, ɓurum," awakin unguwa su watse. In ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta ce "fat, fat, fat," kamar ana harbi.

Da zai saye ta, ya yi wa kowa bayani. Ya ce sabuwar mota duk kwamfuta ce, in kana so ka ƙara mata gudu sai ka nemo mai na'ura daga birni, ya karɓi kuɗin gona guda a zama ɗaya. Tsohuwa kuwa sifana da haƙuri sun ishe ta. Bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Sabuwa sau ɗaya take yanka mutum, ya ji zafi, ya hankalta. Tsohuwa tsakura take yi. Ya sauya salansa, injin ya ce bai yarda ba. Ya taɓa injin, lagireto ya tafasa. Ya sauya lagireto, giya ta fara kuka. Kayanta kuma sun ƙare a kasuwa. A zagaye Ƙofar Ruwa a rasa, a aika Legas, a jira wata guda, a kawo wanda bai shiga ba. Shinkafar rani uku ta bi ta wannan hanya. Da ya haɗa ta wuri ɗaya, da sabuwar ya saya har da mai na'urar.

Ciwon ajali ya kama ta watan jiya, ranar da ya ga a waya cewa motar tsere ba ta yin tsayi. Ya sa Emma bakanike ya yanke mata ƙafafu har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Emma ya ce masa, "Oga, nan fa Kura ce." Bai ji ba.

Duk yaron da ya tashi a nan ya san manoman rani suna shimfiɗa tiyo a tsallaka hanya, su tara ƙasa a kai don kada taya ta fasa shi. Babur yana hawa ya sauka, a-daidaita-sahu ma haka. Attaruhu ta zo a guje ta daki tudun da ciki. Ta ce "ƙwas," sau ɗaya. Tukunyar baƙin mai ta tsage, motar ta sulale ta kafa hanci a cikin kanal, ta maƙale a bakin kwalbati. Mai ita ya fito lafiya, mun gode Allah.

Ta rasu ta bar mai ita, da matarsa Kubra wadda ta karɓi labarin da juriyar da ta ba kowa mamaki, da Emma wanda shi ne babban maraya, da ɗaki guda na kayan gyara da ba su dace da kowace mota ba.

Har yanzu gawar tana inda ta faɗi, kuma baƙin mai yana ɗiga. An yi sa'a kanal ɗin a bushe yake, don ba layinmu ke da ruwa ba. Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe za a buɗe mana. A ƙasan kwalbatin akwai fangalin tumatir na Saude, wadda take noma ita kaɗai tun rasuwar mijinta, da albasar Kefas. Malam Hambali, shugaban manoman layin, ya tsaya a gaban jama'a ya ce, "Zaharaddini, in ruwa ya iske ta a nan, ƙofar ruwan gonarka zan sa mata kwaɗo sai damina." Shinkafar Zaharaddini kuwa ta fara ciki. Mako biyu babu ruwa za su gama da ita.

An gwada tarakta, igiya ta tsinke sau biyu. Motar janwe da za ta ɗago ta ɗungurungum ba za ta samu zuwa ba sai Asabar. Zaharaddini ya roƙi a ɗaga ruwan kwana biyu, yana cewa injin bai mutu ba, gyara kaɗan ne. Saude ta nuna masa tumatirinta. Ya daɗe a tsugune a bakin kanal, hannunsa a kan ƙofar motar, kafin ya kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe da bakinsa.

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Laraba bayan sallar azahar, a inda ta rasu. Mai walda zai raba ta gida uku, a fitar da ita a kafaɗa. Babu salla, ƙarfe ce. Babu zaman makoki, babu shinkafar sadaka. Ana neman maza ashirin su kankare yashin da ya sha mai kafin magariba, kuma Malam Hambali zai bi wurin da hancinsa kafin ya ba da izinin ruwa. Wanda zai zo ta'aziyya ya zo da shebur.

Sanarwa daga Muhammadu Sani, wan mai mutuwa.