Falwayar da Ke Jiran Imel

Ranar Talatar da ta wuce tun hantsi na zauna a kan bencin wani ofishi, ban tashi ba sai da rana ta karya, ƙafata ta dama ta sage kamar ba tawa ba. Ba aiki na je nema ba, ba kuma kwangila ba. Na je ne in gamsar da hukuma cewa abin da na gani da idona, na kuma ɗauka a hoto, da gaske yana nan a duniya.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Ni tela ne, shagona a jikin gidana yake. Ɗakin da ke bakin titi na yayata ne, wadda ta dawo wajena tun da mijinta ya rasu. Ita ta goye ni ina jariri, yanzu kuma gwiwoyinta sun gaji, daga gado zuwa ƙofa sai da sanda. A gaban ɗakin nata akwai falwayar wutar lantarki ta kankare, wadda ta girmi 'ya'yana duka. Ruwan da aka tafka makonni uku da suka wuce ya zaizaye gindinta, sai ta sunkuyo tana leƙen rufin ɗakin Yaya kamar mai son jin gulma. Kullum da safe nakan tsaya in auna ta da ido, kuma tela ba ya kuskuren awo. Duk kwana biyu tana ƙara faɗin yatsa guda.

To, a bakin babban titinmu akwai wani ƙaton allo mai hoton wani bawan Allah yana murmushi, riƙe da waya. An rubuta cewa duk wanda ya ga ɓarna ya sanar da ofishin karɓar koke, don su namu ne. Ga lambar waya a ƙasa da manyan baƙaƙe. Na ce madalla da wannan zamani. Na tsaya a tsakiyar layi na ɗauki falwayar, hoto ya fito tsaf har da tsagar da ke gindinta, na tura ta saƙon hoto kamar yadda nake tura wa masu kaya samfurin ɗinki. Waya ta nuna saƙo ya isa. Na koma kan keke ina jin kaina cikakken ɗan ƙasa.

Kwana huɗu shiru, ko tari ba a yi ba. Na ce ƙila manya suna nazari, sai na rufe shago na tafi da ƙafata.

Akawun da na tarar mutum ne mai fara'a, ba zan zalunce shi ba. Ya karɓi wayata, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya girgiza kai, ya ce lalle wannan falwaya tana neman rai. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce sai dai kash, ban kawo koke ba tukuna.

"Baba, wannan saƙon hoto ne," in ji shi. "Saƙon hoto hira ce. Hukuma ba ta hira. Imel za ka turo."

Ya yi mini bayani cewa tun ranar da Mai Girma Jagoran Zamanantar da Koke-koke, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ƙaddamar da sabon tsari, ba a karɓar komai sai ta imel. Na tuna ranar. An kafa rumfuna, an rufe titi tun safe, an ɗaura wa kwamfuta kirtani mai ado aka yanke da almakashi ana tafi. Kwamfutar ma na gan ta a kusurwar ofishin, an lulluɓe ta da zane don ƙura, an ɗora mata fulas ɗin shayi a ka. Na tambayi akawu wa ke riƙe da lambar da ke jikin allo. Ya ce wayar tana wajen direban oga, shi ma don kada layin ya mutu ne.

Da na dawo na tarar da maƙwabtana biyu a bencin ƙofar shago. Ɗaya mai gyaran waya ne da muke kira Injiniya, mutumin da ya yi furfura a kan cikin rediyo kafin ya koma cikin waya. Ɗayan mahaucin layinmu ne, wanda bai taɓa yarda da komai ba sai ya ɗora shi a sikeli.

Injiniya ya goyi bayan hukuma. Ya ce saƙon hoto aljihun mutum ɗaya yake shiga, in ya ga dama ya goge ya rantse bai gani ba, kuma a hanya matse hoton ake yi har ya rage kyau. Imel kuwa wasiƙa ce sosai, da kwanan wata da sa'a, hoton ya isa yadda aka ɗauke shi, kuma ko bayan shekara goma ba mai iya musun an turo. Mahauci ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ai shi ya sa ba za su taɓa buɗewa ba, don ba wanda zai buɗe ƙofa ga mai shaida a kansa. Ya ƙara da cewa shi tun da yake bai taɓa ganin wanda imel ya ciyar ba, amma da saƙon hoto yake sayar da rabin naman da ya yanka. Na bar su suna musu, na ce wa Injiniya ni dai a buɗe mini abin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ashe ina da imel ban sani ba. Wai ranar da na sayi wayar aka buɗe mini, kalmar sirrin kuma ta tafi da wanda ya sayar mini, shi kuwa ya daɗe da barin gari. Sai aka shiga buɗe sabo. Na ba da sunana, na'ura ta ce wani ya riga ni. Na haɗa da na mahaifina, ta ce shi ma an ɗauka. Shekara hamsin da bakwai ina amsa sunan nan, sai ranar na ji cewa aro nake yi. Da ƙyar aka samu wani da lambobi huɗu a wutsiya. Kalmar sirri kuma dole ta ƙunshi babban baƙi da ƙarami da lamba da wata alama mai kama da ƙugiya. Maiɗakina tana jin mu daga tsakar gida, ta ce mutumin da kullum sai an nemo masa almakashinsa ne zai riƙe wannan a ka? Ta karɓi allin da nake zana yadi da shi, ta rubuta sirrin ɓaro-ɓaro a bayan ƙofar shago, inda duk mai zuwa awo zai karanta.

Na rubuta wasiƙa mai ladabi, na fara da gaisuwa sahu uku, na tura. Injiniya ya duba ya ce na manta ban maƙala hoton ba. Na sake. Sabis ya ɗauke, abin ya tsaya yana juyawa har na gama kafa hannun riga guda. Da ya tafi, ko minti ɗaya ba a yi ba sai ga amsa. Don murna na ce wa mahauci ya zo ya ga aikin zamani. Injiniya ya sa tabarau ya karanta Turancin, ya ce ba mutum ba ne, na'ura ce ke sanar da ni cewa akwatin ofishin ya cika, babu wurin ajiye saƙona.

Na koma wajen akawu. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce akwatin ya cika tun watan da aka buɗe shi, don jama'a ba su da haƙuri, kowa sai turo koke yake. Mutum ɗaya ne ya san kalmar sirrin, shi kuma an tura shi kwas na wata uku a ƙasar waje, ya koyo yadda ake amsa imel. Amma kada in damu, hukuma ba ta rasa dabara. In je a buga mini imel ɗin a takarda, kwafi biyu, in kawo da hannu.

Wannan ce ta kai ni bencin ranar Talata. Da layi ya zo kaina aka shigar da ni wajen Mataimaki na Musamman ga Mai Girma, wani mai ƙamshin turare da kujera mai juyi. Injin da ya buga mini takardar tawadarsa ta kusa ƙarewa, don haka falwayar ta fito kamar an goga gawayi a bango. Ranka ya daɗe ya riƙe takardar, ya ɗan karkata ta dama, sai falwaya ta miƙe tsaye cak, gidana ya kwanta. Ya ce a yadda yake gani ginin ne ke da matsala, kuma gini ba hurumin ofishinsu ba ne. Na ce Allah ya ja zamaninsa, ko zai ɗan juya takardar hagu. Ya juya, sannan ya ce za a duba. Ya buga hatimi, ya miƙa wa akawu.

Muna fitowa akawu ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ciro wayarsa, ya ɗauke ta hoto, ya danna. Na tambaye shi me ya yi ke nan.

"Na tura wa oga ne. Shi ba ya buɗe imel, ta saƙon hoto muke aika masa komai."

"Ashe hukuma tana hira?"

"Da junanta, Baba," in ji shi, ko dariya bai yi ba.

Na iso gida hadari yana haɗuwa a gabas. Na tarar da Yaya zaune a bakin taga, wayoyin wuta sun sauko har tana iya ƙirga tsuntsayen da ke kansu. Nan wasa ya fita daga raina. Na ce mata ta tashi ta koma ɗakinmu na ciki. Ta ƙi. Ta ce ta tagar nan take ganin duniya, nan masu wucewa ke gaishe ta, in aka kai ta ciki an binne ta da rai. Ta ce kuma wanda bai cika kwanansa ba ko dutse ya faɗo masa sai ya tashi. Maiɗakina ce ta durƙusa ta yi ta lallashi, ta ce ba don kanta za ta tashi ba, don ƙaninta ne, wanda ya rame a tsaye har wandonsa na neman faɗuwa. Yaya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce lalle na rame, ta miƙo hannu. Gwiwar ta ƙi ɗaukar ta, sai na juya mata baya na goye ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Muna tsallake tsakar gida ta ce in bi a hankali, ita ba ta taɓa kayar da ni ba.

Abin da takarda mai hatimi ta kasa, matar mahauci ce ta yi shi ba da niyya ba. Ta ɗauki hoton falwayar da tagar Yaya a buɗe ba kowa, ta jefa a zauren hirar matan unguwa, ta rubuta cewa an kori tsohuwa daga ɗakinta. Daga nan ya faɗa wayar wata mai kitso, mai kitson kuwa ita ke gyara kan uwargidan Mai Girma. Ban san abin da aka faɗa a wancan gida ba, amma ranar Alhamis da safe motoci uku suka tsaya a layinmu.

Na ƙirga mutum goma sha ɗaya, da tsani ɗaya, da masu ɗaukar hoto biyu. Siminti ko cokali babu. Mai Girma da kansa ya fito, ya dafa falwayar kamar mai duba mara lafiya, ya yaba wa sabon tsarin da ya sa kukan talaka ke isa kunnen hukuma cikin ƙiftawar ido. Muka yi tafi, ni ma na yi, don hannu ba ya jin kunya. Ya nemi a fito da Yaya a ɗauke su tare, ta aiko cewa gwiwarta ba ta san manya ba. Daga nan ma'aikata suka ari igiyar da mahauci ke ɗaure shanu, suka zarga wa falwayar a wuya, suka ja ta tsallaken layi suka ɗaure a jikin bishiyar mangwaron maƙwabci. Aka ce wannan na wucin gadi ne, sabuwar falwaya tana hanya. Kowa a layin ya san wucin gadin hukuma ya fi auren wasu daɗewa.

Gaskiya dai falwayar ta daina sunkuyowa, na auna jiya da yau, tana nan inda aka bar ta. Yaya ba ta koma ɗakinta ba, kuma ba zan bari ta koma ba sai na ga an zuba kankare da idona. Mun jawo mata kujera ƙofar shago, tana zaune tana gyara wa masu kawo ɗinki ra'ayinsu, ciniki ma ya ƙaru. Mahauci kuma kullum sai ya zo ya duba igiyarsa ya yi tsaki.

Abu ɗaya ya rage. Igiyar ta ratsa layinmu daidai wuyan mai babur, ta riga ta cire wa mutum biyu hula. Don haka in hanya ta biyo da ku ta wajenmu, ku sunkuyar da kai tun daga nesa. Ba don girmama kowa ba ne, amma in kun saba, zai yi muku amfani ranar da kuka je ofis.