Faɗan da Na Shirya da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da na kusa cinna wa Kafanchan wuta, ni da aka ɗauka aiki don in koyar da zaman lafiya.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a jami'a ba, ina ji da kaina sosai. Darasin makon a kan jita-jita ne, yadda ƙaramar magana ke girma ta zama rikici. Na ce a raina lacca kaɗai ba za ta shiga kan yaran nan ba, gani ya kori ji. Sai na kira ɗalibai biyu ofis: Bulus ɗan Kagoma, da Sani wanda gidansu ke bayan kasuwa. Aminai ne, kullum tare suke zama a bayan aji. Na ce ina tsakiyar magana su tayar da faɗan ƙarya a kan kujera, kada kowa ya sani.

Sani ya sosa kai ya ce, "Sa, a garin nan?"

Na ce, "Kai dai yi abin da na ce. Ni ne malamin." (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo ta same ni.)

Ashe yaran gwanayen wasa ne. Bulus ya ci kwalar Sani, kujera ta kife, 'yan mata suka kwasa da ihu. Na bari abin ya ɗan yi zafi, sannan na tafa hannu na ce wasa ne, kowa ya zauna. Na juya allo na rubuta da manyan haruffa: WA YA GANI DA IDONSA? Ina ta zuba bayani, ina jin daɗin kaina, sai waya ta dame ni a aljihu. Na share, ta sake, ta kuma sake. Matata ce.

"Baban Tabitha! Kana da rai? Yesu na gode! An ce ana rikici a makarantarku, an sari ɗalibi, har wani malami ya faɗi. Ana ta rufe shaguna a kasuwa!"

To, mai hankali zai tsaya ya haɗa wannan da wancan. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Duk wanda ya taɓa kwana a gonar citta da 'ya'yansa saboda gudun rikici ya san irin tsoron da nake faɗa. Ban tambayi wa ya gani ba. Ihu kawai na yi: "A rufe ƙofa! An fara!" Kafin ɗalibai su motsa na riga na shige ƙarƙashin tebur, da kwat ɗina, da tumbina (yadda tumbin ya shiga, har yau ban sani ba).

Aji ya kwanta a ƙasa. Wasu na kiran Yesu, wasu na salati. Can sai wata ɗaliba, Ladi, ta rarrafo ta leƙo ni.

"Sa, ina ganin ni ce. Da Bulus ya kama Sani na kira mamana a kasuwa, na ce Kirista da Musulmi sun fara faɗa a ajinmu. Na manta ban sake kiranta ba."

Wayyo ni. Jita-jitar da na haifa ce ta zaga gari ta yi ƙiba ta dawo, ni kuma na ɓuya mata.

Ban gama jin kunya ba sai hayaniya ta tashi a bakin get. Samari ne da 'yan acaba, wasu da sanduna, suna cewa a fito musu da yaron da ya sari Bulus. A daidai lokacin yayan Sani ya kira shi: su a unguwarsu an ce Sani aka kashe, matasa sun fara taruwa. Sani ya dube ni.

"Sa, yanzu yaya zan koma gida?"

Wannan tambayar ta fito da ni daga ƙarƙashin tebur. Na ce wa Sani kada ya kashe wayar, yayansa ya ji komai. Na riƙe hannunsa, na riƙe na Bulus, muka nufi get. Na hau bencin masu gadi, yanar gizo-gizon ƙarƙashin tebur a kaina.

"Jama'a, ba a sari kowa ba. Ga Bulus, ga Sani. Ni na sa su yin faɗan ƙarya. Darasi ne."

Wani mai sanda ya ce, "Darasin me?"

Na ce, "Zaman lafiya."

Wani ɗan acaba ya fashe da dariya, saura suka kama. Ban taɓa gode wa Ubangiji don ana yi mini dariya ba sai ranar. Sanduna suka sauka, zagi ya hau, na shanye. Ana cikin haka matata ta diro daga kan acaba da silifa ɗaya a ƙafa. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Da mutuwar ka yi, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Da kaina na kai Sani gida a mota, Bulus na zaune kusa da shi. Mahaifiyarsa na tsaye a ƙofa. Ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Ta kama kan ɗanta tana shafa fuskarsa, tana duba wuyansa. Na juya na koma mota. Wannan ya fi mini dariyar get ciwo.

Har yanzu ina koyar da darasin jita-jita, kuma ba na buƙatar misali, don sababbin ɗalibai tun kafin su ga fuskata sun san ni da "Malam An Fara". Abin da na koya dai shi ne, a unguwar da ta taɓa ƙonewa ba a kunna ashana don koyar da kashe gobara. Kuma duk ranar da ɗalibi ya sosa kai ya ce mini, "Sa, a garin nan?" sai in ja kujera in zauna, in ce ya ƙarasa maganarsa.