Kujerun Gaba Na Wakilai Ne

Jama'a, ranar Asabar ɗin da ta wuce na zama Mai Shari'a, ni Babayo tela, da ban taɓa shiga kotu ba sai sau ɗaya da aka kira ni shaida a kan akuya. Wallahi ban nema ba, riga ce ta jawo mini.

Maƙwabcina a nan Nguru, Malam Jumare, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a wata makarantar koyon shari'a. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garin ba, ina da iyali. Bana sai makarantar ta tuna da shi, ta ce za ta karrama tsofaffin ɗalibanta da suka yi fice, tare da malaman da suka koyar da su. Tun da saƙon ya iso Malam bai zauna ba. Idonsa ya yi rauni, yanzu da murya yake gane mutum, kuma abin da ya ɗora ransa a kai ke nan, ya ji muryoyin yaransa. Kullum a bakin shagona sai ya yi ta ba ni labarinsu, musamman wani Mahfuz da ya taɓa zama a zaurensa yana cin tuwon gidansa, wanda yanzu sai da jiniya yake fita. Ya ce so yake kowannensu ya riƙe hannunsa ya yi magana, ya ga ko zai gane shi ba tare da an gaya masa ba.

Ni ne ɗan rakiya. Matata Rahima ta ce kada in kunyata unguwa, don haka na ɗauko babbar rigar wani Alhaji da ya kawo gyaran wuya tun kafin azumi bai dawo ba. Shadda ce mai tsayawa da kanta. Da na saka ta, ni kaina sai da na ji kamar in gaishe ni.

Hanya kuwa kun san ta. Kafin Jajimaji mun ci ramukan nan da aka yi mana alƙawarin cikewa a zaɓe biyu, Allah ya saka wa masu alƙawari, ba su taɓa gajiya da yi ba. A Gashua direba ya shiga layin mai, muka zauna har rigar Alhaji ta fara jiƙewa. Malam ko a jikinsa, yana ta murmushi yana gyara hula.

A ƙofar ɗakin taro wata yarinya mai baƙar rigar lauyoyi ta tare mu da ladabi, ta tambayi Malam wa yake wakilta. Ya ce, "Kaina, 'yata." Yarinya ta rikice, ta kira babbansu, Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsare-tsare, wani mai waya biyu a hannu. Shi ya yi mana bayani dalla-dalla: kujerun gaba na wakilan waɗanda za a karrama ne, na bayansu na wakilan manyan baƙi, can ƙarshe kusa da janareta kuma na sauran jama'a. Ya ce shi tun da yake shirya taro bai taɓa ganin wanda za a karrama ya zo da ƙafarsa ba, saboda haka ba a yi tanadin irin wannan ba, sai dai Baba ya yi haƙuri ya je baya.

Raina ya ɓaci. Kusa da janareta ko kiran salla ba ka ji, balle muryar da ka rabu da ita shekara da shekaru. Kafin in buɗe baki sai mutumin ya dubi rigata, ya rusuna, ya ce ko Alhaji zai taimaka musu. Ashe Mai Shari'a Mahfuz ya turo wakili, wakilin ya turo nasa wakilin, shi kuma ya bugo waya yana layin mai. Kujera babu kowa, ga masu hoto, shi ne suke so in zauna a madadinsa. Nan take dabara ta zo mini. Na gyara murya na ce na yarda, amma su sani wannan dattijon wakilin Malam Jumare ne. Mutumin ya washe baki ya ce ai da tun farko an faɗa, ya kai mu sahun gaba da kansa.

Malam ya mintsine ni, ya ce wannan shaidar zur ce. Na ce Malam, duk faɗin ɗakin nan babu wakilin da ya san mai gidansa kamar kai.

Aka buɗe taro. Wakilin Uban Taro ya karanta jawabi, ya ce mai gidansa ya so ƙwarai ya zo da kansa amma wani muhimmin aiki na ƙasa ya tsare shi. Wakilin Babban Baƙo Na Musamman ya faɗi haka. Ni dai na yaba wa ƙasar nan, yadda muhimman ayyukanta duk suke faɗowa ranar Asabar. An raba jakunkuna masu hotunan waɗanda ba su zo ba, an kawo kwandunan fure daga nesa, fanka kuwa ɗaya ce take juyawa.

Sai aka fara kiran sunaye. Duk sunan da aka kira sai Malam ya karkata kai ya kasa kunne, fuskarsa ta yi haske. Mai karɓa ya yi magana, hasken ya tafi. Ya raɗa mini cewa wannan ba muryar wane ba ce, ni kuma in ce masa ƙanin matar wanen ne. Na gaba, mai riƙe masa jaka. Na gaba, ban ma sani ba, na ga dai ya ɓoye makullin mota a aljihu. Tun yana tambaya har ya daina. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

Da aka kira Mahfuz ya ɗago kai duk da ya san zancen. Na miƙe, na karɓi allon yabo, aka miƙo mini abin magana, na ce mai gidana ya so ya zo da kansa. Aka yi tafi. Duk wunin nan muryar da Malam ya gane ke nan, ta telan unguwarsu.

Da aka zo kan malamai na riƙo shi muka hau. Ya tsaya ƙyam kamar a gaban aji, ya ce: "Malam Jumare yana gaishe ku, ya gode. Ya ce ku gaya wa waɗanda suka aiko ku, zaurensa yana nan inda suka bar shi. Ba ya neman komai a wurinsu. Su zo su yi sallama kawai, zai gane su." Wakilai suka tafa sosai, wasunsu da robar abinci a ɗaya hannun.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Gashua. Can sai ya ce tunda ni ne Mahfuz na yau, in miƙo hannun. Na miƙa. Ya shafa, ya ce wannan duk kantar almakashi ce, hannun Mahfuz laushi gare shi. Amma bai sake shi ba sai da muka shigo Nguru.

Rigar Alhaji na wanke na mayar inda na ɗauko ta. Allon yabon Mai Shari'a kuwa babu wanda ya tambaye ni, yana nan rataye a saman keken ɗinkina, har masu kawo ɗinki sun fara ce mini ranka ya daɗe. Idan mai shi yana so, shagona yana kallon zauren Malam Jumare, ya fara yin sallama a can sannan ya tsallako. Kada ya wahalar da kowa, ba na ba wakili.