Rasuwar Robar Haƙorin Malamin Lissafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni malamin lissafi na aji biyar nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar robar haƙorina. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, cikin tukunyar ruwan zafi, tana da shekara shida da wata huɗu a duniya. A gafarce ni da sanarwar ta makara wata uku. Ban yarda ta mutu ba ne sai makon jiya.

Da yawa ba su san marigayiya ba, don ba mai son fita ba ce. Wata 'yar roba ce garai-garai, an zuba ta daidai da haƙorana na sama. Tun ina yaro haƙorana biyu na gaba suke leƙowa waje ko na rufe baki. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa ɗalibai na kirana Malam Zomo, wasu a ɓoye, wasu har a takardar jarrabawa. Ina da shekara talatin da huɗu na cire kunya aka ɗaura min wayar haƙori. Na sha azabarta shekara uku, da miki a leɓe da taunawa da gefe ɗaya. Ranar da likita ya kwance wayar ya miƙo min marigayiya, ya ce, “Malam, wannan ita ce mai gadi. Kullum ka kwana da ita, in ka sake ta haƙoran nan gida za su koma.”

Ta riƙe amana. Ba ta taɓa fashin aiki ba, ba ta taɓa neman komai ba sai ruwan sanyi da ɗan buroshi. Magana biyu kawai na san ta da su: “ƙwas” in ta zauna a kan haƙori, da “ƙwal” in na jefa ta a kofinta na bakin taga da safe. A zamaninta tsofaffin ɗalibai suka gama suka tafi da sunan nan, sababbi suka zo ba su taɓa jin sa ba. Na koyi tsayawa gaban aji ina fuskantar yara, har dariya nake yi da su baki buɗe. Wanda bai taɓa koyar da darasi guda yana kallon allo ba, ba zai san girman wannan ba.

Ajalinta ya zo ta hannun mai ƙaunata. Mama ta dawo gidanmu da zama bayan an yi mata aikin ido, kuma ita mace ce da ba ta yarda da tsabtar kowa ba. Cokali, matsefi, bulumbotin jikanta, duk sai sun ga tafasa. Na dawo daga makaranta na tarar da marigayiya a kan faranti, ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Mama na murmushi ta ce, “Ɗan nan, abin da ake sawa a baki ai sai an tafasa shi. Ka ga yadda ya yi fes?” Na ce na gani, Allah ya saka da alheri.

Jinyar da ta biyo baya laifina ce, ba na ɗora wa kowa. Maimakon in ruga asibiti, sai na ce zan gyara ta da kaina. Na sake tsoma ta a ruwan ɗumi, na danna da yatsa, na cije ta har dasashina ya yi jini. Matata ta yi magana har ta gaji. Jarrabawa ta zo, makin takardu ya biyo baya, ina cewa gobe. Da na je, likita ya daɗe yana duba hoton haƙorana. Ya ce sun riga sun taso, saiwarsu kuma ta gajarce tun wayar farko, ba za su ɗauki ta biyu ba. Zai iya yi min sabuwar roba, amma iyakarta ta riƙe su a inda suka kai.

Marigayiya ta bar haƙora goma sha huɗu, biyu daga ciki sun fara bijirewa tun kafin a yi bakwai. Ta bar kofi da buroshi da ɗan akwatinta shuɗi. Ta bar ni. Ranar Alhamis ina tsakiyar bayanin rabawa na ji wata 'yar dariya a layin baya, irin wadda ake dannewa da littafi. Ba wanda ya ambaci Malam Zomo, amma na san dariyar nan kamar yadda na san sunana. Na juya ga allo, ban sake waiwayowa ba har aka kaɗa ƙararrawa. Tsoro nake ji, kuma na gaji, ba ni da ƙarfin sake wata shekara goma sha ɗaya.

Game da jana'iza, ba a sa rana ba, domin gawar tana hannun Mama. Kullum da safe takan tafasa ta, ta goge da gefen zaninta, ta miƙo min, ni kuma in karɓa da hannu biyu in sa a aljihu. Ina roƙon masu zuwa gida kada kowa ya yi mata ta'aziyya, ba ta san an yi rasuwa ba.

Za a karɓi gaisuwa a makaranta daga ranar Litinin. Kada a neme ni a aji biyar, shugaban makaranta ya amince da takardar neman canjin aiki da na rubuta, an ba wani ajin. Ina sito, bayan ofis, inda ake ajiye alli da karyayyun kujeru. Wanda ya zo ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, teburina bango yake kallo.