Rasuwar Dattijuwa, Wadda Ta Faɗa Randa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, Malam Nasrullahi Hodi na unguwar Gesse, Birnin Kebbi, yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a Argungu, cikin buhun shinkafa, bayan gajeruwar jinya da doguwar wahala.

Marigayiya ta zo hannunsa a bazawara, domin ta riga ta yi zaman aure a ƙasar Turawa. Duk da haka ba ta taɓa yi masa gori ba. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ba ta da wata magana sai "fuuuu" idan aiki ya yi mata yawa, da "ƙir, ƙir" idan ya wuce hankali.

Aikinta na ƙarshe shi ne manhajar da Malam yake gina wa wata ƙungiyar manoman albasa ta Argungu, don manomi ya san farashi da motar da za ta ɗauki kayansa tun yana fadama. Irin ginin zamani ne: ba manhaja guda ba, ƙanana ne barkatai, kowace da aikinta, kowace a kulle cikin kwantenarta kamar 'yan haya. Wannan ta farashi, waccan ta direbobi, ga mai aika saƙo, ga rumbun bayanai. Makomarsu gajimare ne, wato manyan kwamfutocin haya na can nesa. Amma kafin a kai su can, dole mai gini ya kafa musu ƙaramin gari a kan tasa na'urar, ya ga suna gaisawa da juna. Damina guda Malam ya kwashe yana kafa wannan gari a cikin Dattijuwa. Ya toshe nan, ya ɓula can, har komai ya zauna. Yadda aka yi ya zauna kuwa, ita kaɗai ta sani. Shi kansa ya manta rabi.

Abokin aikinsa, Nu'uman, wanda suke tare tun suna kwaleji, ya sha cewa: "Hodi, rubuta tsarin ga ka ɗora inda kowa ka iya ɗauka. Tsohuwag ga ba ta kai baɗi." Malam bai ɗora ba. Mutumin da ya damu ƙwarai da a ajiye makulli inda hannunsa zai kai, ai abin a sa masa ido ne. Yanzu kuma ana tambaya: ta yaya ya san ba za ta kai baɗi ba?

Ciwon ajali ya fara ne da zazzaɓi. Idan aka tashi kwantenonin gaba ɗaya, jikinta yakan yi zafin da za a gasa masara. Sai Malam, cikin hikimar da har yanzu yake tsaye a kanta, ya riƙa ɗora ta a kan faifan da ke rufe bakin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta samu sauƙi sosai. Ranar Talata ya fita sallar azahar ya bar ta tana aiki. Ya dawo ya tarar faifai a ƙasa, Dattijuwa rabinta a cikin ruwa.

Iyalan mamaciya ba sa zargin kowa. Suna dai lura cewa uwargida, Adawiyya, ba ta nuna kaɗuwar da ta dace ba. Abin da ta ce kawai shi ne: "Malam, ita randa don ruwa anka saye ta." Suna lura cewa akuyar maƙwabta ta shigo gidan a ranar, ta fita tana kauda kai. Suna kuma lura, ba don komai ba, cewa Nu'uman ya biyo da safe, ya zauna kusa da marigayiya fiye da yadda zumunci ya buƙata, har ya nemi ruwan sha.

Kowa ya san maganin na'urar da ta sha ruwa shinkafa ce. Ta gidan mudu ɗaya ce, Adawiyya kuwa ta ce ba za a yi jinya da tuwon dare ba. Sai Malam ya naɗe mara lafiya a zane ya shiga mota zuwa Argungu, wurin yayarsa Riskuwa, wadda sana'arta turara shinkafa. Ta karɓe ta hannu biyu. "Kwantar da hankalinka, ƙanena. Wayar ɗiyata Hanifa ma haka munka yi mata, ta tashi." Saboda ƙauna, ba ta sa ta cikin busasshiya ba. Ta zaɓi wadda aka sauke daga wuta ba da jimawa ba, mai ɗumi, mai tururi, don kada sanyi ya kama baƙuwa.

Washegari aka ciro ta tana ƙamshi. Malam ya danna. Ta ce "tit", sau ɗaya, a hankali, kamar mai neman gafara. Ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar caja guda, mai ɗaurin salatif a wuya, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta tafiya. Ta bar marayun kwantenoni waɗanda ba su san hanyar gidan kowa ba. Ta kuma bar Malam Nasrullahi da alkawarin tsayawa gaban shugabannin manoma ranar Litinin ya nuna musu manhaja tana aiki. Sun riga sun faɗa masa cewa idan ba su gani ba, akwai masu jiran aikin a Kaduna.

Ba za a yi mata wanka ba, domin wanka ne ya kawo mu nan. Za a kai gawa rumfar mai gyara a babbar kasuwa gobe bayan la'asar, inda za a buɗe ta a gaban shaidu a duba ko ƙwaƙwalwarta ta tsira. Mai gyaran ya riga ya tambayi ko za a sayar masa da allon fuskarta tun bai yi ta'aziyya ba. An lura da wannan ma.

Zaman makoki a Gesse ne, ƙofar gida, nesa da randa. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai da ma". Ana gayyatar Nu'uman musamman, ya zo da wuri, ya zo da kwamfutarsa. Tun farkon damina Malam yake zarginsa da kwafe tsarin a ɓoye. Idan ya kwafa, iyalai sun yafe masa duniya da lahira, akwai shayi da tabarma mai kyau. Idan kuma ta tabbata amintacce ne bai taɓa komai ba, to wannan ba a yafe ba.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya tona asirin wanda ya ɗaga faifai.